Gangar da aka sassauta wa waya: Metallica da faifan St. Anger

Ranar 5 ga Yuni, 2003, ƙungiyar Metallica ta Amurka ta fitar da faifanta na takwas, St. Anger, bayan shekara biyar da rabi ba ta saki cikakken faifai na sababbin waƙoƙi ba. Da farko ranar 10 ga wata aka tsayar, sai aka gaggauta da kwana biyar saboda tsoron masu kwasar waƙa kyauta a intanet. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a makonsa na farko, kuma a farkon 2004 waƙar da aka ba shi sunanta ta ci lambar Grammy. A takarda, wannan nasara ce. Amma in ka tambayi wanda ya sayi faifan a wancan makon abin da yake tunawa, da wuya ya ambaci jadawali ko lamba. Abin da zai ce maka shi ne ƙarar gangar, wadda ta yi kama da ana dukan garwa a cikin ɗakin da babu kaya. Ni kaina da na fara jin faifan, shekaru bayan fitowarsa, sai da na duba ko sifika ta ce ta fashe.

Kafin a gane dalilin da wannan ƙara ta ɓata wa mutane rai haka, sai an san abin da suka saba samu daga ƙungiyar. An kafa Metallica a Los Angeles a 1981, lokacin da Lars Ulrich, wani matashi ɗan ƙasar Denmak mai kiɗan ganga, ya sa cigiya a jarida yana neman abokan kiɗa, James Hetfield kuma ya amsa. Daga baya suka koma yankin San Francisco domin samun Cliff Burton mai jitar bas, Kirk Hammett kuma ya karɓi babbar jita a 1983. Kiɗan da suka shahara da shi reshe ne na rok mai gudu da nauyi, wanda baƙon kunne zai ɗauka hayaniya ce zalla. Sai dai faifansu na shekarun 1980, musamman Ride the Lightning na 1984 da Master of Puppets na 1986, gini ne mai tsari. Waƙa takan kai minti takwas, ta taso da gudu, ta lafa a tsakiya kamar an buɗe taga iska ta shigo, sannan ta sake tasowa. A cikin kusan kowace waƙa akwai gurbin da ake bar wa Hammett ya kaɗa jitarsa shi kaɗai a kan sauran, abin da masu harkar ke kira solo. Wannan hawa da sauka shi ne abin da masoyansu suka haddace, har sukan rera kiɗan jitar da baki a filin wasa kamar yadda ake rera baiti.

Burton ya rasu a hatsarin motar ƙungiyar a ƙasar Suwidin ranar 27 ga Satumba, 1986, yana da shekara 24. Jason Newsted ya maye gurbinsa, kuma bai taɓa samun cikakkiyar karɓuwa wajen sauran ba. A faifan ...And Justice for All na 1988 an danne sautin jitarsa har kusan ba a jin ta. Sannan a 1990 suka ɗauko furodusa Bob Rock, suka shafe kusan wata tara a situdiyo, suka kashe kimanin dala miliyan ɗaya, a 1991 suka fito da faifan da aka fi sani da Baƙin Faifai saboda launin bangonsa. An gajarta waƙoƙi, an goge sauti har yana sheƙi, kuma gangar Ulrich a wannan faifan ta zama abin da injiniyoyin sauti ke gwada na'urorinsu da shi. Ya sayu fiye da kofi miliyan 16 a Amurka kaɗai.

Ƙorafin masoya ba sabon abu ba ne gare su. Tun 1984 wasu suka zarge su da sayar da kai saboda sun saka waƙa mai sanyi, Fade to Black. Amma daga tsakiyar shekarun 1990 abin ya fara taruwa. Load na 1996 da Reload na 1997 sun karkata zuwa rok mai laushi, mawaƙan kuma suka aske dogon gashinsu, wanda a wancan gidan ya yi kusa da cire rawani. Sai rikicin Napster a shekarar 2000: ƙungiyar ta kai kamfanin ƙara kotu, Ulrich kuma ya kai sunayen masu amfani da manhajar sama da 300,000 har ofishinta yana neman a kore su. Tarihi ya nuna yana da gaskiya game da abin da intanet za ta yi wa kuɗin shigar mawaƙa. A lokacin dai, abin da mutane suka gani shi ne attajiri yana kai ƙarar yaran da suka ɗaukaka shi. Saboda haka lokacin da aka fara jin cewa faifai na gaba zai koma ga zafin farko, ba ado, ba sheƙi, masoya sun ji shi kamar alkawarin biyan bashi.

Abin da ba su sani ba shi ne halin da gidan yake ciki. A Janairun 2001 Newsted ya fice, kuma cikin dalilansa akwai hana shi da Hetfield ya yi ya fitar da aikin wata ƙaramar ƙungiyarsa ta gefe, Echobrain. Masu kula da harkokin Metallica sun ɗauko wani mai ba da shawara kan zamantakewa, Phil Towle, ana biyansa dala 40,000 a wata domin ya koya wa manyan mutane uku yadda za su yi magana da juna. Suka kama wani tsohon barikin soja a Presidio da ke San Francisco suka fara ɗaukar sauti, da gangan a wuri maras jin daɗi. Ba a yi nisa ba, a Yulin 2001, Hetfield ya shiga cibiyar gyaran masu shaye-shaye saboda giya, kuma bai koma aiki da su ba sai wajen Afrilun 2002. Da ya dawo, ya zo da sharaɗin cewa daga sha biyun rana zuwa ƙarfe huɗu kawai zai yi aiki, sannan ya nemi kada a taɓa abin da aka ɗauka in ba ya nan. Ulrich ya ji wannan a matsayin mulkin mallaka da aka sake wa suna. Tun da ba su da mai jitar bas, Bob Rock da kansa ya kaɗa ta a dukan faifan. Robert Trujillo bai shigo ba sai Fabrairun 2003, lokacin da aiki ya kusa ƙarewa.

A cikin wannan yanayi aka yanke shawarar tuɓe wa kiɗan kaya. Bob Rock ya bayyana manufar da cewa yana son faifan ya ji kamar wasu samari ne suka haɗu karon farko a gareji suna gwada kiɗa, sai dai samarin Metallica ne. Abubuwa da dama aka cire don cimma wannan, amma biyu ne suka yi ɓarna mafi girma.

Na farko gangar. A jerin gangunan rok akwai wata ƙarama da ke gaban mai kiɗa, wadda ita ce ke riƙe da bugun waƙa. A ƙarƙashin fatarta ta ƙasa ana shimfiɗa wasu siraran wayoyi na ƙarfe. In an daki fatar sama, wayoyin sukan girgiza su ba da wata 'yar ziza mai kaifi, su kuma katse amon gangar kada ya daɗe yana kuwwa. Wanda ya taɓa lura da gangar Hausa ya san dabarar, domin ita ma akan gitta mata tsirkiya a kan fata don ta riƙa ziza. Ulrich ya sassauta wayoyin nan gaba ɗaya. Ya ce wata rana ce ya manta bai ɗaure su ba, ya ji amon ya burge shi, sai ya bar shi haka. Sakamakon shi ne duk bugu ɗaya yana barin wata ƙara ta ƙarfe tana yawo a iska, kuma kafin ta mutu wani bugun ya zo. A waƙa mai gudu wannan na faruwa ɗaruruwan sau. Tun da an kuma sassauta tsirkiyoyin jita zuwa ƙasa don ƙarin nauyi, jitocin suka dunƙule suka zama laka, ƙarar gangar kuma ta tsaya ita kaɗai a sama tana sukar kunne. Abin da Ulrich ya ɗauka ado ne ya cire, ashe shi ke ba sauran kayan kiɗan wurin numfashi.

Na biyu solo. A cikin waƙoƙi goma sha ɗaya na faifan babu ko ɗaya da aka bar wa Hammett gurbinsa. Hujjar da aka kafa ita ce solo ya tsufa, ya zama al'adar da ake yi don an saba. A wancan lokacin kuwa ƙungiyoyin da ke tashe, irin su Korn da Limp Bizkit da Linkin Park, ba su cika yin sa ba. Hammett, wanda aka san shi da haƙuri da gudun rigima, ya yi wata magana da kyamara ta ɗauka, kuma lokaci ya gaskata shi. Ya ce barin solo ɗin ne zai ɗaure faifan da wannan zamanin, domin shi ma yayi ne. Wato ƙungiyar da ta ce za ta koma asalinta, yayin 2003 ta bi, kuma a rangadin da suka yi a lokacin zafin wannan shekara Limp Bizkit da Linkin Park na cikin masu buɗe musu fage.

Rashin solo ya fi rashin ƙawa illa. A tsohon tsarin Metallica, solo ne ke gaya wa mai sauraro cewa waƙa ta kai ƙololuwa, daga nan gangara ce. Da aka cire shi ba a sa komai a madadinsa ba, kuma ba a gajarta waƙoƙin ba. St. Anger ya kai kusan minti 75, yawancin waƙoƙinsa tsakanin minti bakwai da tara. Sai ya zama ana kaɗa yanki, a maimaita, a koma wani, a dawo na farko, a sake maimaitawa. Ga muryar Hetfield an bar ta da tsagewarta da kaucewarta daga kan amo. Kalmomin waƙoƙin kuma, waɗanda a da shi kaɗai ke rubutawa, a wannan karon an rubuta su ne a zaune tare, kowa ya jefa nasa layi, kamar yadda zaman Towle ya koyar. Wasu daga ciki sun fito da ciwon gaske na mutumin da ya fito daga jinya. Wasu kuwa sun yi kama da abin da ake rubutawa a allo a taron bita.

Inda maganar gareji ta fi rauni shi ne yadda aka haɗa faifan. Ba a zauna an kaɗa waƙoƙin daga farko zuwa ƙarshe ba. An ɗauki sa'o'i masu yawa na gwaji, sannan aka zauna gaban kwamfuta da manhajar Pro Tools ana yanko gutsattsari ana jerawa ana liƙawa. Maimaicin da ke gajiyar da mai sauraro daga nan ya samo asali. Ɗanyen sautin da aka tallata a matsayin gaskiya tsirara, ƙera shi aka yi, a cikin ginin ƙungiyar na San Rafael, cikin kusan shekara guda. Hujjar tana cikin kwalin faifan kansa: an haɗa shi da bidiyon da ƙungiyar ta kaɗa dukan waƙoƙin kai tsaye a ɗakin gwaji tare da Trujillo, kuma masoya da yawa sun fi son wannan sautin a kan na faifan.

Metallica ta san gareji na gaske. A 1987, bayan rasuwar Burton, sun gyara garejin Ulrich suka yi gwaji a ciki, suka ɗauki ƙaramin faifai na waƙoƙin wasu cikin 'yan kwanaki, har suka sa farashinsa, dala 5.98, a cikin sunansa don kada 'yan kasuwa su tsawwala. Akwai kurakurai a ciki, kuma har yau ana son sa. Bambancin shi ne a 1987 gaggawa da ƙarancin lokaci ne suka haifi kurakuran, a 2003 kuwa an zaɓo su ne an ajiye a inda ake so. Kunne yana gane wannan ko da mai shi ba zai iya bayyanawa ba.

Shekarar 2003 ɗin ma shekarar marmarin tsiraicin sauti ce. Wata biyu kafin St. Anger, ƙungiyar The White Stripes, mutum biyu kacal, jita da ganga, ta fitar da Elephant, wanda aka ɗauka a wani ƙaramin situdiyo a Landan da tsofaffin na'urori, ba kwamfuta. Ya karɓu sosai, domin waƙoƙin an gina su ne tun farko don su tsaya a kan kaya kaɗan. A Nuwamban wannan shekara kuma aka fitar da Let It Be... Naked na The Beatles, inda aka cire kayan goge da amshin da Phil Spector ya lafta wa faifan 1970, abin da Paul McCartney ya daɗe yana jin haushinsa. Shi ma wannan tsiraicin na'ura ce ta gyara shi, har akwai waƙoƙin da aka ɗinke daga ɗauka biyu daban. Marmarin komawa farko yakan kama ƙungiyoyi ne a lokacin da suka daina jituwa. The Beatles sun fara wancan aikin a Janairun 1969 da niyyar kaɗawa kai tsaye ba gyara, kuma kafin faifan ya fito a Mayun 1970 sun watse.

Masu sharhi sun rabu a kan St. Anger. Mujallar Rolling Stone ta ba shi tauraro huɗu cikin biyar, Pitchfork kuwa ta ba shi 0.8 cikin 10. Hukuncin masu saye ya fito a hankali: bayan makon farko ciniki ya ja baya, faifan ya tsaya a kusan kofi miliyan biyu a Amurka, adadin da wata ƙungiya za ta yi biki a kansa amma ga Metallica koma baya ne. Ɓacin ran ya yi zurfi saboda an ba mutane daidai abin da suka roƙa. Sun ce a dawo da gudu, an dawo da shi. Sun ce a bar sheƙi, an bari. Da suka saurara sai suka gane cewa abin da suke so a tsofaffin faifan ya wuce gudu da fushi. Tsarin suke so, da haƙurin gini, da wannan lafawar ta tsakiyar waƙa, waɗanda duk aikin natsuwa ne, kuma natsuwa ce ƙungiyar ba ta da ita a lokacin.

A 2004 fim ɗin Some Kind of Monster na Joe Berlinger da Bruce Sinofsky ya fito. An ɗauko su ne su ɗauki yadda ake haɗa faifai, sai suka tsinci kansu suna ɗaukar ƙungiya tana neman rushewa. A ciki an ga Hetfield ya buga ƙofa ya fita. An ga Ulrich yana kallon gwanjon zane-zanensa na miliyoyin daloli. An ga Dave Mustaine, wanda suka kora a 1983, yana gaya wa Ulrich cewa har lokacin abin bai bar ransa ba. An ga mahaifin Ulrich, tsohon ɗan wasan tanis Torben, ya saurari wani yanki ya ba ɗansa shawarar ya goge shi. An kuma ga yadda Towle ya fara miƙo nasa layukan waƙa, har suka gane lokacin sallamarsa ya yi. Fim ɗin ya sauya yadda ake kallon faifan. Mutane da yawa suka fara cewa St. Anger shi ne kuɗin da aka biya don ƙungiyar ta rayu, kuma mambobinta ma sun yi magana mai kama da haka.

Na yarda da wannan a matsayin tarihi, amma ban yarda ya wanke faifan ba. Gaskiya ne St. Anger hoto ne na mutanen da ba sa jin juna: ganga na gefe guda, murya na gefe guda, mai jita an hana shi magana. In wannan ne ake nufi da gaskiya, to faifan ya faɗe ta. Sai dai wanda ya biya kuɗinsa a Yunin 2003 bai ga fim ba, kuma ba a gaya masa cewa takardar asibiti yake saye ba. Aikin da sai an kalli fim na sama da sa'a biyu kafin a yafe masa bai tsaya da ƙafarsa ba. Abin takaicin shi ne akwai waƙoƙi masu kyau a binne a ciki. Frantic tana da ƙarfi, The Unnamed Feeling kuma ta kama yanayin fargaba yadda kaɗan daga waƙoƙinsu suka yi. Da an samu wanda zai iya cewa a yanke minti uku daga kowace, da wani labarin ake yi. Amma mutumin da aikinsa ke nan, Bob Rock, a lokacin ya zama ɗan ƙungiya mai riƙe da jita, kuma kowa a ɗakin yana taka-tsantsan kada ya faɗi abin da zai sa wani ya sake buga ƙofa.

Ƙungiyar ba ta fito ta ce ta yi kuskure ba, Ulrich ma ya ci gaba da kare gangarsa. Ayyukansu ne suka yi magana. Sun rabu da Bob Rock bayan shekara goma sha biyar, suka ɗauko Rick Rubin, kuma a Death Magnetic na 2008 an ɗaure wayoyin ganga, solo ya dawo, dogayen waƙoƙi masu hawa da sauka suka dawo. Shi ma ya samu nasa ƙorafin, cewa an matse sautin don ƙarfi har yana tsagewa. Waƙoƙin St. Anger kuwa suka kusa ɓacewa daga wasanninsu na shekaru masu yawa.

Guda ɗaya ta sami wata rayuwar. All Within My Hands, waƙar da ta rufe faifan, ita ce ta ba da sunan gidauniyar agaji da ƙungiyar ta kafa a 2017. Sun sake mata tsari, suka rage mata gudu, suka mayar da ita kan jitar katako. A Satumban 2019, a wasan da suka yi da ƙungiyar makaɗan San Francisco Symphony a zauren Chase Center, sun kaɗa ta da gomman masu goge da masu busa a bayansu.